Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Limamai Da Shugabannin Al'ummarmu A Birtaniya Kan Auren Da Ba Shi Da Rajista Da Bizar 'Yan Gudun Hijirar Yukren

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Malamaina da iyayena, limaman masallatanmu da shugabannin ƙungiyoyin Hausawa mazauna Birtaniya, bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya ku da iyalanku, ina neman izininku in yi magana a bainar jama'a kan wani al'amari da na daɗe ina jin ana tattauna shi ƙasa-ƙasa a ƙofar masallaci bayan an idar da sallar Juma'a, kowa da irin tasa fahimtar. Na zaɓi in rubuta a fili ne saboda iyayen da ke gida, waɗanda 'ya'yansu suka tafi karatu Yukren har suka yi aure a can, su ma suna da haƙƙin su san irin kallon da hukumomin Turai suke yi wa auren 'ya'yan nasu. Matsayina a cikin wannan magana bai wuce na mai masauki ba, wanda ya taɓa ɗaukar nauyin wasu ma'aurata da yaƙi ya koro, ya kuma koyi abin da zai faɗa muku a wahalce, fom a gabansa, waya a kunnensa.

Kun san yadda abin ya faro. Ranar 24 ga Fabrairu 2022 sojojin Rasha suka kutsa cikin Yukren, a lokacin da ɗaliban Najeriya sama da 4,000 suke karatu a ƙasar, da yawansu a fannin likitanci, a garuruwa irin su Kharkiv da Sumy da Kyiv da Ternopil. Mun ga yadda aka riƙa tare baƙaƙen fata a tashoshin jirgin ƙasa da kan iyakar Poland, har sai da Tarayyar Afirka ta fitar da sanarwar nuna damuwa ranar 28 ga wannan wata. Gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta ware dala miliyan 8.5 domin kwaso 'yan ƙasa, jiragen Max Air da Air Peace suka yi jigilarsu daga ƙasashen da ke maƙwabtaka da Yukren. Sai dai akwai waɗanda ba su hau waɗannan jirage ba, kuma daga cikinsu akwai samarin da suka tsallaka iyaka riƙe da hannun matansu 'yan Yukren, ba su da niyyar sakin wannan hannu a sansanin 'yan gudun hijira su dawo gida su kaɗai. A kan irin waɗannan nake magana.

A watan Maris na 2022 gwamnatin Birtaniya ta buɗe hanyoyi biyu. Ta farko ta iyali ce, wadda aka fara ranar 4 ga Maris domin masu 'yan uwa a nan. Ta biyu ita ce shirin da suka kira Homes for Ukraine, wanda minista Michael Gove ya gabatar ranar 14 ga Maris, inda aka ba mazaunin ƙasar damar ya ambaci sunan ɗan gudun hijira, ya yi alkawarin ba shi masauki na aƙalla wata 6, gwamnati kuma ta riƙa ba mai masaukin fam 350 a wata a matsayin tukuici. Bizar kyauta ce, kuma waɗanda suka shigo da farko an ba su izinin zama na shekara 3 tare da damar yin aiki da karatu da zuwa asibiti. Ga Bahaushe wannan tsari ba baƙon abu ba ne, domin a kowane zango daga Kumasi har Khartoum an san mai masauki, an san shi ne ke tsaya wa baƙo a gaban hukuma, shi ya sa da yawa daga cikinmu muka miƙa sunayenmu ba tare da dogon tunani ba. Abin da ba mu karanta da kyau ba shi ne sharaɗin wanda ya cancanci shigowa.

Sharaɗin ya ce mai nema ya kasance yana zaune a Yukren kafin 1 ga Janairu 2022, kuma ya kasance ɗan ƙasar Yukren ne, ko kuma makusancin iyalin ɗan ƙasar. Ɗalibin Najeriya da ya shekara biyar a Kharkiv, bam ya faɗa kusa da ɗakin kwanansa kamar yadda ya faɗa kusa da na kowa, ba shi da wata ƙofa a wannan shiri idan shi kaɗai ne. Ƙofarsa ɗaya ce, wato dangantakarsa da ɗan ƙasa. Jerin makusantan da gwamnati ta wallafa kuwa gajere ne: miji ko mata, yaro ɗan ƙasa da shekara 18, mahaifi ko mahaifiyar irin wannan yaro, wanda aka yi wa baiko, sai kuma abokin zaman da ba a yi aure da shi ba, bisa sharaɗin a nuna cewa an yi zaman tare na aƙalla shekara 2. Duk wanda ya karanta wannan jeri daga cikinmu zai ɗauka cewa saurayin da aka ɗaura wa aure a masallaci ya faɗa layin farko, ba sai an tsaya bincike ba. Haka ni ma na ɗauka.

A cikin watan Afrilu na 2022 wani aminin mahaifina ya kira ni daga gida, ya ce ɗansa yana Poland tare da matarsa, 'yar Yukren ce Musulma, kuma tana da juna biyu. Ni da maiɗakina muna da ɗaki guda da ba kowa a ciki, saboda haka na amsa masa tun kafin ya ƙarasa roƙon. Da muka zo cike fom ta waya, muka iso inda ake tambayar dangantakarsa da ita, yaron ya ce in rubuta miji, na rubuta. Sai fom ya nemi takardar shaidar aure, ya turo mini hoton wata takarda guda, rubutun hannu, da kwanan wata na shekarar 2021, da sa hannun limami da na shaidu biyu, da adadin sadakin da ya biya. A idona takarda ce cikakkiya, ta ma fi abin da ni kaina nake da shi na aurena. Allah ya sa kafin mu tura na nuna wa wata lauya mai aikin sa kai a unguwarmu, ta duba ta, ta tambaye ni ko sun je ofishin rajistar aure na gwamnati a Yukren. Na tambayi yaron, ya ce sun yi niyya su je bayan ya gama jarrabawar ƙarshe, domin ana neman takardu daga Najeriya da sai an fassara an buga musu hatimi. Ta ce to, a wurin doka ba su yi aure ba.

Allah ya gafarta malamai, na san yadda wannan kalma take sukar kunne, domin ni ma ta soke ni, amma ya kamata mu fahimci inda ta samo asali. Ƙa'idar da Birtaniya take bi tsohuwa ce: aure yana inganta a nan idan ya inganta bisa dokar ƙasar da aka ɗaura shi. Dokar iyali ta Yukren kuwa, a sashe na 21, ta ce aure shi ne wanda aka yi wa rajista a ofishin gwamnati, kuma bikin addini, na coci ne ko na masallaci, ba ya haifar da haƙƙoƙin miji da mata. Saboda haka jami'in da ke duba takarda a nan bai ƙi auren don na Musulunci ne ba. Ya ƙi shi ne don ƙasar da aka ɗaura shi a cikinta ba ta lissafa shi. Abin da zai ba ku mamaki shi ne, da a ce wannan aure a ƙofar gidan wani dattijo aka ɗaura shi a Kano ko Zariya, da waliyyi da wakili da shaidu, aka raba goro aka shafa fatiha, da yana da ƙafar tsayawa a nan, domin dokar Najeriya ta amince da auren Musulunci da na gargajiya. Ko a shekarar 2017 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Ingila ta tabbatar da wannan ƙa'ida a kan wani auren gargajiya na Ghana da wakilai suka ɗaura ba tare da ango da amarya suna wurin ba. Siga ɗaya ce, sadaki ɗaya ne, amma wanda aka yi a Kumasi aure ne, wanda aka yi a masallacin Kharkiv kuwa babu shi a takarda. Kada kuma mu ɗauka matsalar ta Yukren ce kaɗai, domin a watan Fabrairu 2020 wannan kotu ta yanke hukunci a kan wasu ma'aurata da limami ya ɗaura musu aure a Landan a 1998, suka haifi 'ya'ya huɗu, ta ce tun da ba a bi ƙa'idar rajista ba, abin da aka yi bai kai matsayin auren da kotu za ta raba ta kuma raba dukiyarsa ba.

Idan layin miji ya rufe, abin da ya rage wa yaron shi ne layin abokin zaman da ba a yi aure da shi ba, kuma a nan ne na ga ransa ya ɓaci ƙwarai. Bature yana faɗin wannan kalma ba tare da jin komai ba, amma idan aka juya ta zuwa harshenmu sunanta zaman dadiro, kuma babu ɗan mutunci da zai so a rubuta shi a ƙarƙashin wannan suna alhali ya biya sadaki a gaban shaidu. Ko da ya haɗiye wannan, sai ga sharaɗin shekara 2 a gabansa. Watansu 11 da aure lokacin da yaƙi ya ɓarke, kafin nan kuwa sun san juna kusan shekara uku, amma kowa yana ɗakinsa, saboda tarbiyyar da ku malamai da iyaye kuka ba shi. Da a ce ya watsar da wannan tarbiyya ya tare da ita tun ranar da suka haɗu, da ya cika sharaɗin cikin sauƙi. Ban ce waɗanda suka rubuta dokar sun yi nufin haka ba, domin abin da suke gudu shi ne auren bogi da dangantakar da aka ƙulla don biza, kuma wannan damuwa ce ta gaskiya. Amma ma'aunin da suka zaɓa, wato tsawon zaman ɗaki ɗaya, ma'auni ne da aka yanka daidai da rayuwar mutanen da suke fara zama tare sannan su yi aure, mu kuwa namu tsarin a juye yake.

Ga kuma maganar hujja. Abin da ake so a gani shi ne takardar haya mai sunan mutum biyu, da takardun kuɗin wuta da na ruwa, da bayanan banki masu adireshi ɗaya. Wanda ya san rayuwar ɗalibi a can ya san cewa sau da yawa adireshinsa na hukuma shi ne ɗakin kwanan jami'a, ko da ya kama haya a gari, kuma kuɗin hayar hannu da hannu ake biya, takardun wuta da ruwa kuma da sunan mai gida suke zuwa. Mutumin da ya fita da jaka guda cikin dare yana jin ƙarar makamai ba zai tsaya neman rasiɗin bara ba. Wani abin da ya tsaya mini a rai shi ne, gwamnatin da ke neman shaidar shekara 2 kafin ta kira mutum biyu iyali a wurin biza, ita ce kuma idan suka shigo suka nemi tallafin Universal Credit, wato kuɗin da gwamnati ke ba marasa aiki da masu ƙaramin ƙarfi, take lissafa su ma'aurata tun daga ranar da suka kwana gida ɗaya, ta haɗa musu kuɗin shiga a ma'auni guda. Adalci ya sa in faɗa cewa an ɗan sassauta daga baya, domin daga 31 ga Janairu 2024 dokokin bizar iyali sun daina tilasta cewa sai an zauna ɗaki ɗaya, sun koma neman dangantaka mai kama da aure wadda ta kai shekara 2. Wannan ya rage nauyi, amma har yanzu mai nema ne zai kawo hujja, kuma har yanzu sunan layin bai canza ba.

Waɗanda suka tsaya a ƙasashen Tarayyar Turai ma ba su tsira daga wannan tambaya ba. Matakin kariya ta wucin gadi da Tarayyar ta ɗauka ranar 4 ga Maris 2022 ya haɗa da abokin zaman da ba a yi aure da shi ba, amma sai idan dokar ƙasar da aka sauka tana ɗaukar irin wannan zama kusa da aure, wanda ke nufin amsar da za a ba mutum a wannan ƙasa tana iya bambanta da ta maƙwabciyarta. Ɗaliban da ba su da dangantaka da ɗan ƙasa kuwa an bar wa kowace gwamnati ta yi yadda ta ga dama da su. Holan ta karɓe su da farko, daga baya ta janye, magana ta kai Kotun Tarayyar Turai, wadda ta yanke a watan Disamba 2024 cewa ƙasa tana da ikon janye irin wannan kariya da ta bayar don raɗin kanta. Kotun takan laƙaba wa shari'o'i sunan aro domin ɓoye masu ƙara, kuma sunan da ya faɗo wa wannan shari'a shi ne Kaduna, abin da ya sa na yi murmushin da ba na daɗi ba ranar da na gani.

Mu koma kan yaronmu. Lauyar ta nuna mana cewa jerin yana da wasu ƙofofi biyu da ba mu lura da su ba. Ta farko ita ce ta baiko, wadda ba ta da sharaɗin shekara 2, sai dai a nuna cewa dangantakar ta gaskiya ce kuma akwai niyyar yin auren da doka ta sani. Ta biyu ita ce ta haihuwa, domin ɗan da 'yar Yukren ta haifa ɗan Yukren ne, mahaifinsa kuma yana cikin jerin makusanta. Sai dai ita ma wannan ƙofa tana da tarko, kuma ina roƙon iyaye su saurara da kyau. A dokar Yukren, idan iyaye ba su da auren rajista, ba a rubuta sunan uba a takardar haihuwa kai tsaye. Sai uwa da uba sun shigar da takardar amincewa tare, in ba haka ba sai a cike gurbin uban da sunan dangin uwa. Mutum zai iya yanka ragon suna, a yi wa jariri huɗuba, a raɗa masa sunan kakansa, amma a takardar gwamnati babu abin da ya haɗa su. Su tun da ba a haihu ba tukuna, ƙofar baiko ce ta rage musu. Lauyar ta ce a faɗi gaskiya yadda take, a rubuta cewa an yi auren addini a rana kaza, ba a yi rajista ba saboda dalili kaza, kuma za a yi da zarar an samu dama, a haɗa da takardar limamin da hotunan walima da saƙonnin da suka yi wa juna tsawon shekaru.

Haka aka yi. Ita, da yake tana da fasfon Yukren, a wancan lokaci ba a buƙaci ta je ofishin biza ba, shi kuwa sai da ya je aka ɗauki zanen yatsunsa, sannan aka shiga jira. Ta ƙi tahowa ta bar shi, ko da yake tata takardar ta riga fitowa, suka ci gaba da zama a wani ɗaki da wasu bayin Allah suka ba su, ciki yana girma. Daga ƙarshe Allah ya nufa suka iso, muka je muka tarbe su, bayan 'yan makonni kuma muka raka su ofishin rajistar aure, inda ake ba da sanarwar kwana 28, wadda hukuma kan iya tsawaitawa zuwa kwana 70 idan tana son yin bincike. Ranar da aka yi rajistar ni ne shaida ɗaya, maiɗakina ce ta biyu, amarya kuma tana riƙe da jaririya. Yaron ya ce mini abin da ya fi yi masa ciwo a duk tafiyar shi ne ranar da ya kira matarsa, mai cikinsa, da sunan wadda zai aura.

Akwai wani ɓangare da ba a son faɗa, amma idan ban faɗa a gabanku ba ban san inda zan faɗa ba. Wasu daga cikin mazan da suka yi aure a can suna da mata a gida. A shari'a ba su yi laifi ba idan sun cika sharuɗɗa, amma dokar Yukren mace ɗaya ta sani, saboda haka ba za su iya yin rajista ba ko da sun so, dokar shige da fice ta Birtaniya kuma tana neman duk wanda zai shigo a matsayin abokin zama ya nuna cewa dangantakarsa ta baya ta ƙare ƙarewa ta har abada. Na ji ana ba irin waɗannan shawara a ƙofar masallaci cewa su rubuta ba su taɓa aure ba, ko su ce sun saki uwargida alhali tana ɗakinta da 'ya'yanta. Wannan shawara ce mai halakarwa ta fuska biyu. Idan aka gano yaudara a takardar biza ana iya hana mutum shiga ƙasar har shekara 10, kuma abin zai bi shi duk inda ya nemi biza. Ta fuskar addini kuwa ku ne kuka fi ni sanin hukuncin mutumin da ya rubuta da hannunsa cewa ya saki matarsa yana ganin wasa yake yi. Haka nan ina roƙon ku ja kunnen gwagwaren da suka ɗauki shirin masauki a matsayin hanyar neman mata, domin tun a watan Afrilu 2022 Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta gargaɗi Birtaniya kan haɗa mata su kaɗai da maza marasa iyali, kuma macen da ke ƙarƙashin rufinka ba ta da inda za ta je ba ta cikin halin da za ta ce a'a da sakin jiki.

Dole kuma a san cewa ƙofar ta ƙara ƙunci. Ranar 19 ga Fabrairu 2024 aka rufe hanyar iyali gaba ɗaya, aka rage izinin sababbin masu shigowa daga shekara 3 zuwa wata 18, aka kuma ce mai masauki sai ya kasance ɗan Birtaniya ko ɗan Ireland ko mai izinin zama na dindindin, alhali a da wanda yake da izinin wata 6 ma yana iya tsayawa. Wannan ya fitar da yawancin matasanmu da suke nan da bizar karatu ko ta aikin kula da tsofaffi, ya bar nauyin a kan mu da muka daɗe. An buɗe shirin tsawaita zama ranar 4 ga Fabrairu 2025, wanda ya ƙara wa waɗanda ke nan wata 18, amma duk waɗannan izini na wucin gadi ne, ba sa kai mutum ga zama na dindindin. Wanda ba ɗan Yukren ba ne kuwa ya tuna cewa izininsa ya samo asali ne daga dangantakarsa, saboda haka duk wata takarda da ke nuna suna tare abin adanawa ce. Gaskiya ne cewa waɗanda suka yi aure a 2021 suka ci gaba da zama tare sun daɗe da haye shekara 2, amma akwai waɗanda yaƙi ya raba, mata tana nan miji ya koma Najeriya, ko yana wata ƙasa yana jira, kuma su ne har yau suke fama da tambayar da takarda guda ta ofishin rajista za ta amsa.

Abin da nake roƙo daga gare ku, malamaina, bai fi ƙarfinku ba. Tun ran gini ran zane: duk wanda ya zo muku neman a ɗaura masa aure a ƙasar da ba ta lissafa auren masallaci, a nan ne ko a wata ƙasar Turai, ku tambaye shi takardar rajista kafin ku karɓi siga, ko aƙalla ku ga shaidar cewa ya ba da sanarwa an sa masa rana. Na san amsar da wasu za su bayar, cewa rajista ba ta cikin rukunan aure, kuma jinkirta ɗaurin aure yana iya jefa matasa cikin ɓarna. Ban musa ko ɗaya ba. Amma aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa masa shaidu, kuma ban ga yadda za a tsare haƙƙin mai bin bashin buhun gero da alƙalami a bar haƙƙin 'yar mutane da na 'ya'yanta a bakin shaidun da yaƙi zai iya warwatsawa cikin dare ɗaya ba. Ƙasashen Musulmi irin su Masar da Maroko da Malesiya sun daɗe da wajabta rubuta aure a wurin hukuma, ba kuma wanda ya ce sun fita daga addini. Dokar Ingila ma ta ba da dama a yi wa masallaci rajista a matsayin wurin ɗaurin aure, a naɗa wanda hukuma ta amince da shi, ta yadda zama ɗaya zai wadatar ga shari'a da doka. Kwamitocin masallatanmu da ba su yi wannan ba su sa shi a gaba. Idan kuma larura ta sa aka ɗaura kafin rajista, a ba ma'aurata takarda bugaggiya mai cikakken suna kamar yadda yake a fasfo, da kwanan wata, da adireshin masallaci, a ajiye kwafi a littafi, a kuma faɗa wa amarya da waliyyinta a fili, da harshen da suke ji, cewa wannan takarda ba za ta tsaya mata a kotu ko a ofishin biza a matsayin shaidar aure ba.

Ku kuma shugabannin ƙungiyoyi, ranku ya daɗe, aikinku biyu ne a ganina. Ku daina barin 'yan uwa a hannun masu cike fom na bayan gida, domin ba da shawarar shige da fice a matsayin sana'a ba tare da izini ba laifi ne a dokar shige da fice ta Birtaniya ta 1999, kuma akwai hukumar da ke rajistar masu wannan aiki, wadda kowa zai iya duba sunan mutum a cikin jerinta kafin ya ba shi ko fam ɗaya. Sannan ku yi amfani da muryar da kuke da ita. Kowannenmu da yake da ƙuri'a yana da ɗan majalisa a mazaɓarsa, kuma suna zaman sauraron jama'a. Abin da za a nema a wurinsu ƙarami ne kuma mai yiwuwa: a umarci jami'an biza su ɗauki takardar auren addini da aka yi kafin 24 ga Fabrairu 2022 a matsayin hujja mai nauyi ta dangantaka ta gaskiya, tun da babu wanda ya ɗaura aure a 2021 domin bizar da ba a ƙirƙiro ba sai a 2022. Ni a shirye nake in kawo kwafin takardun da muka haɗa, bayan na nemi izinin masu su an kuma goge sunaye, ga duk kwamitin da zai zauna a kan wannan, kuma ina roƙon a sa maganar cikin ajandar taron ƙungiya na gaba, a gayyato lauya mai rajista da limami ɗaya su zauna teburi guda, a kuma ba mata damar halarta domin su yi tambayoyinsu da bakinsu.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

Wassalam,
Naku, ɗaya daga cikin masu bin ku salla.